Jirage masu jerin farfela na lantarki: me ya sa saukarsu ce ke riƙe da takardar izini?

A 'yan shekarun nan bidiyon wasu ƙananan jiragen sama na yawo a wayoyin mutane. Fiffike ne jere da farfela takwas ko fiye, jirgin ya taho sannu a hankali, ya dira, ya ɗan gangara ya tsaya cak. Masu ƙera su na cewa fili mai girman na ƙwallo ya ishe su. Duk wanda ya ga yadda ambaliyar 2022 ta datse hanyoyi a yankin Hadeja da Auyo da Kafin Hausa, ko ya san tafiyar da ake yi da mai naƙuda daga ƙauyukan Doguwa zuwa babban asibiti a birnin Kano, zai tambaya: in dai haka abin yake, me ake jira?

Takardar shaidar samfuri ake jira, wato takardar da hukumar jiragen sama ke bayarwa bayan ta gamsu cewa wannan ƙirar jirgin ta cika sharuɗan ɗaukar mutane. Zuwa lokacin rubuta wannan sharhi, babu jirgin fasinja mai fiffike na wannan tsari da ya samu takardar daga hukumar Amurka, FAA, ko ta Tarayyar Turai, EASA. Injin lantarki shi kaɗai ba shi ne cikas ba, domin tun a watan Yunin 2020 EASA ta ba Velis Electro na kamfanin Pipistrel takarda, jirgi mai kujera biyu da farfela ɗaya. Babban cikas yana cikin mintunan ƙarshe kafin taya ta taɓa ƙasa.

Abin da fiffike ke buƙata

Ƙarfi huɗu ne ke aiki a kan jirgi: nauyi na jan sa ƙasa, fiffike na ɗaga shi, farfela na tura shi gaba, iska kuma na yi masa turjiya. Ƙarfin ɗagawa ya dogara da faɗin fiffike, da kaurin iska, da yadda fiffiken ya karkata ga iskar, da kuma gudun iskar da ke bi ta kansa. Gudun nan ninki biyu ake lissafa shi: in an rage gudu da rabi, ɗagawa ta koma kashi ɗaya cikin huɗu.

Matuƙi na cike wannan giɓi ta hanyar ɗaga hancin jirgi da sauko da leɓen fiffike, wato faifan da ke gefen baya na fiffiken. Amma akwai iyaka. In karkatar ta wuce misali, iska ta daina bin bayan fiffike, ta suɓuce, ɗagawa ta zube lokaci guda, jirgin ya zunduma ƙasa. Gudun da hakan ke faruwa shi za mu kira gudun suɓucewa, kuma kusan duk lissafin sauka a kansa aka gina shi.

Wannan ne ya sa fukafukan ƙananan jirage suka fi girman abin da suke buƙata a sararin sama. An yi su da faɗi ne saboda tashi da sauka, sauran tafiyar kuwa jirgin na jan faɗin da ba ya amfani da shi, yana ƙona mai a banza.

Dabarar jera farfela

In ba a son jirgin ya yi gudu amma ana son iska ta yi gudu a kan fiffike, sai a hura masa iskar. Farfela da ke gaban fiffike na watso iska baya da saurin da ya fi na jirgin. In iskar da ke bin fiffike ta ƙaru da kashi 41 cikin 100, ɗagawar wannan ɓangaren ta ninka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Faransa ta gwada ta a jirgin Breguet 941 wanda ya fara tashi a 1961. Injinansa huɗu an haɗa su da dogon sandan ƙarfe mai juyawa a cikin fiffike, domin in ɗaya ya mutu, sauran ukun su ci gaba da juya farfela huɗun gaba ɗaya. Jirgin ya yi aiki, amma sanduna da giya na da nauyi, kuma kaɗan aka ƙera. Abin da lantarki ya canza shi ne ƙaramin injin lantarki ba ya rasa inganci saboda ƙanƙanta kamar injin mai, kuma waya ce ke kai masa ƙarfi maimakon sandan ƙarfe. Ana iya jera goma sha biyu ba tare da wani nauyi mai yawa ba.

Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta bi wannan hanya da jirgin gwaji X-57 Maxwell, wanda aka gina a kan gangar jirgin Tecnam P2006T na Italiya. Tsarin ƙarshe da aka zana masa na da inji 14: manya biyu a bakin fukafukai don tafiya, ƙanana 12 a gaban fiffike don tashi da sauka, waɗanda ruwan farfelarsu ke naɗewa in an hau sama. Sabon fiffiken kusan kashi 42 cikin 100 ne na asali. Jirgin bai taɓa tashi ba. An sha fama da batir da inbata, daga baya aka gano matsala a ƙirar injinan, sai aka sanar da rufe shirin a watan Yunin 2023. Kamfanin Electra na Amurka kuwa ya tayar da jirginsa na gwaji EL2 a watan Nuwamban 2023, mai farfela takwas da ƙaramin injin mai da ke juya janareta tare da batir. Jirgin da yake shirin sayarwa, EL9, na fasinja tara ne, kuma kamfanin na cewa tafiyar mita 45 a ƙasa ta ishe shi tashi ko tsayawa.

Inda gizo ke saƙar

A wajen tashi komai ya tafi daidai: ana son ɗagawa, ana son turawa, farfela na ba da duka biyun. A wajen sauka ne buƙatun suka raba hanya. Jirgi na son ɗagawa mai yawa saboda yana tafiya a hankali, don haka dole farfela su hura da ƙarfi. Amma jirgin da zai gangara dole turjiyar iska ta fi turawa, farfela kuwa ba ta iya hurawa baya ba tare da ta tura gaba ba. Kamar direban babbar mota ne da ke gangaren tudu da kaya, aka ce masa in ya ɗaga ƙafa daga totur motar za ta kife.

Lissafin a fili yake. Gangaren da aka saba da shi a filayen jiragen duniya digiri 3 ne, wato saukar kusan mita 5 a kowace mita 100. Domin jirgi ya riƙe wannan gangare ba tare da gudunsa ya ƙaru ba, dole turjiya ta zarce turawa da kusan kashi 5 cikin 100 na nauyinsa. A jirgi mai tan 5, wannan ya kai nauyin kilo 260. In ana son gangare mai tsauri na digiri 7 don a tsallake bishiyoyi, ratar ta haura kashi 12 cikin 100, fiye da kilo 600. In farfela sun cinye wannan rata, jirgin ya ƙi sauka: ko ya yi ta shawagi a saman fili har ya wuce shi, ko matuƙi ya sunkuyar da hanci gudu ya ƙaru, amfanin gajeriyar sauka ya tafi.

Injiniyoyi na da hanyoyin samo turjiyar. Ta farko ita ce babban leɓen fiffike mai hawa biyu, wanda ke sauka sosai ya karya iskar farfela zuwa ƙasa, ta yadda abin da zai zama turawa ya koma ɗagawa. Ta biyu ita ce ƙera ruwan farfela musamman don ya baza iska daidai wa daida a kan fiffike da ƙaramar turawa, abin da masu zanen X-57 suka yi ke nan. Ta uku ita ce a mayar da wasu farfela birki: na ciki su hura, na waje su bar iska ta juya su, injinansu su koma janareta. Breguet 941 ma yana da irin wannan tsari na rage cizon farfela na waje yayin sauka. A jirgin lantarki dabarar na da tarko. Wutar da aka samar dole ta sami wurin zuwa. A ƙarshen tafiya batir na da wuri, amma in jirgi ya tashi da cikakken caji sannan wata matsala ta sa dole ya juyo nan take, batirin ba zai karɓa ba, birkin ya ɓace a daidai lokacin gaggawa. Sai an tanadi na'urar da za ta ƙone rarar wutar ta zama zafi, ita ma nauyi ce kuma tana son sanyaya.

Sannan akwai hannun matuƙi. An horar da shi cewa in ya ga ya yi sama da yawa ya rage totur, kuma in ya zo dab da ƙasa ya janye totur gaba ɗaya ya ɗaga hanci. A jirgi mai hurarren fiffike, janye totur a tsayin mita biyar na nufin cire wani babban kaso na ɗagawa, jirgin ya faɗo kan tayoyinsa. Saboda haka yawancin masu ƙira ke sa kwamfuta tsakanin hannun matuƙi da injina, ita ke raba wa kowace farfela aikinta. Da zarar an yi haka, manhajar ta zama cikin abubuwan da rayuwar fasinja ta rataya a kansu, kuma tantance manhaja a wannan mataki na cin shekaru da kuɗi masu yawa.

Tsohuwar ƙa'idar 1.3

Shekaru da dama ƙa'idar ƙananan jirage a Amurka, wadda ake kira Sashe na 23, a sauƙaƙe take. Matuƙin gwaji ya hau sama, ya janye totur, ya sauko da taya da leɓen fiffike, ya riƙa rage gudu a hankali, kusan kilomita biyu a awa cikin kowane daƙiƙa, har iska ta suɓuce. A rubuta gudun. A ninka shi da 1.3, wannan shi ne mafi ƙarancin gudun tunkarar sauka. Manyan jiragen fasinja na amfani da 1.23 bisa wani ma'auni na daban. Ninkin 1.3 na nufin fiffike na da rarar ɗagawa ta kashi 69 cikin 100 a ajiye, don bugun iska ko kuskuren hannu. Jirage masu inji ɗaya kuma an ɗaure su da cewa gudun suɓucewarsu kada ya wuce kilomita 113 a awa, domin in inji ya mutu a iya dira a gona mutane su fita da rai.

Hikimar ƙa'idar ita ce an auna ta ba tare da taimakon inji ba, saboda haka mutuwar inji ba ta taɓa ta. Jirgi mai jerin farfela kuwa ba shi da gudun suɓucewa guda ɗaya. Yana da ɗaya in farfela na hurawa da cikakken ƙarfi, wani in suna rabi, wani kuma mai yawa in sun tsaya. Da wanne za a ninka 1.3?

A watan Agustan 2017 sabon Sashe na 23 ya fara aiki, EASA ma ta sabunta nata a shekarar. An daina zayyana yadda za a ƙera kowane abu, aka koma faɗin sakamakon da ake so, hanyoyin cika shi kuma aka bar wa ƙa'idojin da masana'antu da hukumomi ke tsarawa tare a ƙarƙashin ƙungiyar tsara ma'aunai ta ASTM. Sashen ya ƙunshi jirage har masu fasinja 19 da nauyin kilo 8,618. Abu biyu a cikinsa sun shafi batunmu kai tsaye. Na farko, ya yarda a auna gudun suɓucewa da inji yana aiki daidai gwargwado in injin na cikin abin da ke samar da ɗagawa ko sarrafa jirgi. Na biyu, maimakon maganar mutuwar inji mafi haɗari, ya koma maganar rashin turawa mafi haɗari, ko inji nawa abin ya shafa. Ƙofa ta buɗe ke nan. Amma dokar ba ta faɗi adadin da ake nufi da daidai gwargwado ba, kuma ba ta faɗi irin lalacewar da za a ɗauka a matsayin mafi haɗari ba. Kowane mai nema sai ya zauna da hukuma sun daidaita a kan nasa jirgin.

In inji ya mutu

Masu ƙira na da hujja mai ƙarfi. Jirgi mai inji biyu in ya rasa ɗaya ya rasa rabin ƙarfinsa, mai goma sha biyu kuwa ya rasa kashi ɗaya cikin goma sha biyu. Gaskiya ne. Sai dai abu uku na biye da ita.

Inji goma sha biyu za su riƙa lalacewa sau shida fiye da inji biyu in ingancinsu ɗaya ne, don haka rashin farfela ɗaya zai zama abin yau da kullum da dole jirgin ya shanye ba tare da fasinja ya ji ba. Sannan a hurarren fiffike, farfelar da ta tsaya ba turawa kawai take ɗaukewa ba. Yankin fiffiken da ke bayanta ya koma iskar da ba ta kai ta riƙe shi ba, yana iya suɓucewa, jirgin ya kife ta wannan gefen tare da karkata hanci. In ta bakin fiffike ce, juyin ya fi tsanani. Kwamfuta na iya ƙara wa maƙwabtanta ƙarfi ko ta rage wa takwararta ta ɗaya gefen, amma dole ta gano matsalar ta gyara cikin ƙasa da daƙiƙa, kuma dole sauran injinan su kasance da rarar ƙarfin da za su bayar.

Na ukun shi ne wanda hukumomi suka fi zura wa ido: lalacewa mai tushe ɗaya. Farfela goma sha biyu ba goma sha biyu ba ne in batir ɗaya ke ciyar da su, ko layin wuta ɗaya, ko manhaja ɗaya, ko famfon sanyaya ɗaya. Shi ya sa ake raba batir gida-gida, kuma ake sarƙa wayoyi ta yadda kowane gida zai ciyar da farfela a dama da takwararta a hagu, in ya mutu jirgin ya rasa ƙarfi daidai a ɓangarorin biyu. Ana kuma gwada cewa in ƙwayar batir ɗaya ta kama da wuta ba za ta kunna ta kusa da ita ba. Batirin X-57 na farko ya faɗi wannan gwaji, sai da aka sake ƙera shi.

Fasa sauka ma na cikin jarrabawar. In saniya ta shigo fili ko iska ta kaɗa jirgi, dole matuƙi ya iya buɗe totur ya koma sama. Sashe na 23 na neman hawan mita 3 a kowace mita 100 da taya a waje da leɓen fiffike a ƙasa. Jirgin mai ya fi sauƙi a ƙarshen tafiya saboda ya ƙone mai. Jirgin batir nauyinsa bai ragu ba, cajinsa ya yi ƙasa, ƙarfin wutarsa na faɗuwa in an ja da yawa, ga zafi ya taru. Ana neman mafi girman ƙarfi daga gare shi a lokacin da ya fi rauni. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu son ɗaukar fasinja tara suka haɗa da janareta, baya ga cewa kilo ɗaya na man jirgi na ɗauke da makamashin da ya ninka na batirin yau sau arba'in ko fiye.

Matsaya uku

Akwai masu ganin a riƙe tsohuwar hanya: a auna gudun suɓucewa farfela a tsaye, a ninka da 1.3. Wannan ya fi kowanne aminci, kuma matuƙa sun san shi. Illarsa ita ce ya kashe dalilin ƙera jirgin, domin zai tunkari fili da gudun kowane jirgi, ko ma fiye in fiffikensa ƙarami ne.

Akwai masu cewa a ɗauki hurawa kamar yadda aka ɗauki leɓen fiffike: wani ɓangare ne na jirgi, in an nuna da lissafi da gwaji cewa rasa shi gaba ɗaya abu ne da da ƙyar zai faru, a ba shi cikakken lada. Hujjarsu ita ce jirgi mai saukar ungulu ma ya dogara kacokan ga farfelarsa kuma an amince da shi. Masu ja da su na cewa shi wannan yana da hanyar sauka ko inji ya mutu, iska na ci gaba da juya farfelarsa, kuma an tara shekaru ana tattara bayanan lalacewarsa, abin da injinan lantarki na jirage ba su samu ba tukuna.

Matsaya ta uku na tsakani: a jera duk lalacewar da ke iya faruwa, a ɗauki mafi muni a cikin waɗanda ba a iya kawar da yiwuwarsu ba, misali mutuwar gidan batir ɗaya, a auna mafi ƙarancin gudu a wannan hali, a ɗora rara a kansa. Kuma rarar kada ta tsaya ga gudu kaɗai, a haɗa da rarar karkatar fiffike, da ƙarfin juya jirgi, da juriyar bugun iska. Ga dukkan alamu nan ne lafazin dokar 2017 ya fi karkata, kuma ita ce ta fi dacewa da yadda jirgin ke aiki. Kuɗinta shi ne yawan gwaji: kowane haɗin nauyi, da matsayin leɓe, da ƙarfin hurawa, da irin lalacewa, sai an tashi an gwada shi.

Dalilin da ya sa ninkin gudu kaɗai bai isa ba shi ne iska ba ta raguwa don jirgi ya rage gudu. A ɗauki jirgi mai tunkara da kilomita 130 a awa da wani mai 65. In iskar gaba ta faɗi da kilomita 20 a awa farat ɗaya, na farko ya rasa kashi 28 cikin 100 na ɗagawa. Na biyu, a duk inda farfela ba ta hurawa, ya rasa fiye da rabi. Hurarren ɓangaren ya fi juriya, amma jelar jirgi da bakin fukafukai, waɗanda da su ake sarrafa shi, galibi suna wajen iskar farfela. Haka iskar gefe: mai kilomita 20 a awa na sa jirgin farko ya karkace da digiri 9, na biyu da digiri 18. Tsohuwar ƙa'ida ta nemi a nuna jirgi na jure iskar gefe da ta kai kashi ɗaya cikin biyar na gudun suɓucewarsa. Ga jirgin da ke suɓucewa a kilomita 50 a awa, wannan kilomita 10 ne kacal, iskar da ba ta kai ta hunturu ta yau da kullum ba.

Zafi, ƙura da jan-baki

Alƙaluman talla galibi na iskar bakin teku ne a ma'aunin zafi 15. Filin jirgin Malam Aminu Kano na kan tsayin kusan mita 476. A ranar bazara mai zafin 40, iskar wurin ta yi shara-shara kamar ta tsayin mita 1,500, kaurinta ya ragu da kusan kashi 14 cikin 100. Jirgi zai dira da gudun da ya ƙaru da kusan kashi 8, tafiyarsa a ƙasa kafin ya tsaya ta ƙaru da kusan kashi 16. Injin lantarki ba ya shaƙar iska, don haka ƙarfinsa bai ragu kamar na injin mai ba, wannan riba ce ta gaske. Amma farfela na cizon iska mara kauri, kuma inji da inbata da batir duk suna rage ƙarfin kansu in zafi ya kai iyaka. A lokacin sauka suna aiki tuƙuru alhali iskar da ke sanyaya su ta ragu saboda jirgin na tafiya a hankali.

Ƙurar hunturu na shiga hanyoyin sanyaya ta toshe su, rairayi na cin bakin ruwan farfela. Hazo kuma, wanda kowace shekara ke sa a soke tashin jirage a Kano, ba ya barin jirgi don yana tafiya a hankali. Sauka a hazo na buƙatar a tantance jirgin don tashi da na'ura, kuma hukumar kula da sararin samaniyar Najeriya, NAMA, ta zana wa wannan fili takamaiman hanyar tunkara. Filin ƙauye ba shi da ita. A farkon damina kuma iskar da ke rigan hadari na juya fuska cikin mintuna, irin bugun da lissafin sama ya nuna jirgi mai tafiyar hawainiya ya fi jin sa.

Sai tsuntsaye. Manoman shinkafa da gero a kwarin Hadeja sun san yadda garken jan-baki ke rufe sama. Tsuntsu ɗaya ƙarami ba komai ba ne ga farfela, amma garke na iya bugun farfela shida ko takwas a daƙiƙa guda ya cusa gashi a hanyoyin sanyaya. Wannan lalacewa ce mai tushe ɗaya wadda raba batir da sarƙa waya ba sa maganinta, kuma a ƙasa-ƙasa take faruwa, inda jirgi ke tunkarar sauka.

Fili nawa ake buƙata a zahiri?

Mita 45 da ake ambata tafiyar taya ce a ƙasa. Hukuma kuwa daga tsayin mita 15 take fara auna nisan sauka, tsayin babbar kuka ko giginya. A gangaren digiri 3, daga wannan tsayi zuwa ƙasa kusan mita 290 ne. A digiri 7, kusan mita 120. Don kwatance, filin jirgin London City na amfani da digiri 5.5, kuma a Turai duk gangaren da ya kai 4.5 sai an ba jirgi da matuƙi izini na musamman. In an haɗa mita 120 da tafiyar ƙasa da zafi ya tsawaita zuwa sama da 50, an sami 170 da ɗoriya. Dokokin Turai na sufurin haya na neman jirgi mai farfela ya tsaya cikin kashi 70 cikin 100 na tsawon titi, wanda ya kai lissafin kusan mita 250, kafin a ƙara na laka ko jiƙaƙƙiyar ciyawa. Filin ƙwallo mita 105 ne. Yana iya isa in babu komai a kewayensa, amma a garuruwanmu filin ƙwallo na tsakanin azuzuwan makaranta da darbejiya da turken sadarwa.

Duk da haka mita 250 zuwa 300 ba abin rainawa ba ne in aka kwatanta da titin jirgin Dutse mai kusan kilomita uku. Ƙaramar hukuma na iya samar da irin wannan fili. Abin da zai shafi talaka kai tsaye shi ne gonakin da za a karɓa da diyyarsu, da bishiyoyin da za a sare a bakin titin ta fuska biyu, da hana dogon gini a wurin, da shingen da ka iya datse burtali in ba a zauna da makiyaya ba tun farko.

Ko an ba jirgin takarda a ƙasar da aka ƙera shi, da sauran matakai a nan gida. Hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya, NCAA, sai ta karɓi takardar samfurin, ta yi wa kowane jirgi rajista da lambar 5N, ta ba shi shaidar lafiyar tashi, ta ba kamfanin da zai yi haya da shi lasisi, ta kuma amince da filin. Ana buƙatar injiniyoyi masu lasisin taɓa wuta mai ƙarfin ɗaruruwan bolt da matuƙan da aka horar a kan wannan salon sauka, aikin da ya dace da Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya. Jirgi mai janareta ba ya jiran wutar KEDCO, mai batir zalla kuwa sai an gina masa wurin caji. Kujera tara da albashin matuƙi da inshora ba za su ba da kuɗin tikiti mai araha ba, don haka aikin farko da ake iya tsammani shi ne ɗaukar marasa lafiya, kai magani da kayan agaji lokacin ambaliya, da jigilar da gwamnati ko ƙungiyoyi ke biya.

In wata rana aka kawo wa jiha ko masarauta tayin irin wannan jirgi, littafin tuƙi da hukuma ta sa wa hannu ne ke da amsa. A cikinsa za a duba nisan sauka daga tsayin mita 15 da cikakken lodi a zafin 40 a tsayin mita 500, da iyakar iskar gefe, da gudun tunkara bayan mutuwar gidan batir ɗaya, da mafi ƙarancin cajin da aka yarda a fasa sauka da shi, da kuma ko an amince jirgin ya dira a kan turɓaya ko sai kwalta.